Ƙafar Mma ta kumbura, an ce wai limf ɗinta ne ya toshe

Zainabu, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema a kan mahaifiyata. Masu bi ta layinmu da asuba sun san ta, ita ce mai koko da ƙosai, shekara kusan 30 ke nan tana wannan sana'a. Ƙarfe 2 na dare take tashi ta hura wuta, daga nan kuma ko tana tsaye ko tana kan 'yar kujera har hantsi. Wata uku ke nan ƙafafunta biyu suna kumbura da yamma. Jiya na danna babban yatsana a saman idon sawunta, wurin ya lotsa ya yi rami, na ƙirga har 20 bai ciko ba. Igiyar silifas ma sai ta bar mata zane a fata. Da safe kumburin yakan sace, kafin la'asar ya dawo.

Wata mata a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi ta ce mata wai limf ɗinta ne ya toshe, datti ya taru, kuma in ba a wanke ba zai hau har ƙwaƙwalwa ta fara mantuwa. Ta tallata mata wani shayi, kwali ɗaya sidi 250, kuma wai sai an sha kwali uku. Mma ta tsorata, ta ce in ciro daga kuɗin adashinta. Ni ban taɓa jin wannan limf ɗin ba. Mene ne shi? Da gaske yana toshewa? Kuma da gaske datti na hawa kai?

Bashiru, Alabar

Wa alaikumus salam. Anti Zainabu, ba zan ɓoye ba, ni ma ina sayar da irin wannan shayin. Duk wanda ya sha sai ya dawo ya ce jikinsa ya yi sakayau. Kwana biyu za ki ga ciki ya wanke, fitsari ya yawaita, kumburi ya sauka. Nawa bai kai 250 ba, ki yi mini magana ta gefe.

Sista Fati, Asawase

Zainabu, kada ki taɓa kuɗin adashin nan tukuna. Shekarata 14 ina aikin nas, kuma abin da kika kwatanta, ƙafa biyu a tare, yana lotsawa, yana sacewa da safe, abu na farko da ake dubawa a kansa shi ne zuciya, ƙoda, hanta, da jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa. Akwai kuma magungunan hawan jini da ke kumbura idon sawu. Tambaya biyu: Mma tana shan maganin hawan jini? Kuma in ta kwanta rigingine numfashinta yana sarƙewa? Ki amsa mini, amma ko mene ne amsar, ki kai ta asibiti cikin makon nan a auna jini da fitsari.

Zainabu, Aboabo

Sista, tana sha, tun bayan sallar layya aka ɗora ta a kan wani farin ƙwaya guda ɗaya kullum. Numfashi kam lafiya lau, alhamdulillahi.

Mustafa, Tafo

Salam. Ni ɗalibin likitanci ne, Sista Fati ta riga ta faɗi abin da ya fi muhimmanci. Amma tunda Anti Zainabu ta tambayi mene ne limf, bari in yi bayani, don matar Kejetia ta ɗauko sunan abu na gaskiya ta ɗora masa talla.

Anti, kin taɓa ƙonewa da man ƙosai wurin ya yi bororo? In ya fashe, ba jini ke fita ba, wani ruwa ne garai-garai mai ɗan rawaya. Irin wannan ruwan yana ko'ina a tsakanin naman jikinmu. Daga jini yake fitowa. Ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, suna tsattsafar da ruwa don ya kai abinci da iska ga tsoka da fata da sauran gaɓoɓi. A lissafin da aka daɗe ana koyarwa, kusan lita 20 ke tsattsafowa a yini, kusan lita 17 ya koma hanyar jini, ya rage lita 3 a waje. Lita 3 ledar fiya wata shida ke nan, kullum. Da ba a kwashe shi, kafin kwana biyu mutum ya kumbura kamar salka.

To masu kwashe shi wasu siraran magudanu ne da ke shimfiɗe a jiki kusa da hanyoyin jini. Ruwan da ya shiga cikinsu shi ake kira limf. Ba ruwa kaɗai suke ɗauka ba, suna haɗawa da matattun ƙwayoyin halitta, da furotin da ya yi girman da ba zai koma hanyar jini ba, da ƙwayoyin cuta in sun shigo. A kan hanya akwai tashoshin tacewa, kuma Hausawa sun san su tun kafin a kawo asibiti, su ne kaluluwa. Yaro ya yi tuntuɓe yatsan ƙafa ya ruruce, sai a ji ƙullutu mai zafi a matsematsinsa. Wannan tasha ce ta tare ƙwayoyin cutar, fararen ƙwayoyin jini sun taru a cikinta suna yaƙi. Baligi na da wajen 500 ko fiye, sun fi yawa a wuya, hammata, matsematsi, ƙirji da ciki.

Abin da nake so a riƙe a nan shi ne inda ruwan ke ƙarewa. Ba waje yake fita ba. Magudanun suna haɗuwa su zama babba guda da ke hawowa ta cikin ƙirji, ya juye cikin babbar jijiyar jini a gindin wuya ta hagu, akwai kuma ƙarami ta dama. Ruwan ya koma jini, sannan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. Saboda haka gudawa ba ta da hanyar da za ta bi ta wanke limf.

Bashiru, Alabar

Malam ɗalibi, to me ya sa mutane ke jin sauƙi? Ko duka kwastomomina ƙarya suke yi? Ku 'yan boko duk abin da bai fito daga hannunku ba sai ku kushe. Da shi nake ciyar da iyalina.

Sista Fati, Asawase

Bashiru, ba wanda ya ce maka maƙaryaci, kuma ba wanda ke son ya taɓa abincin iyalinka. Ɗauko kwalin ka karanta mana abin da aka rubuta an haɗa shi da shi.

Bashiru, Alabar

An rubuta ganyen sena, citta, lemun tsami da na'ana'a.

Sista Fati, Asawase

To sena ɗin nan shi ne filasko, wanda kakanninmu ke jiƙawa in ciki ya ɗaure. Maganin wankin ciki ne, kuma yana aikinsa. Mai sha zai yi ta zagayawa, ruwa ya fita daga jikinsa, ya ji ya yi sauƙi, sikeli ma ya nuna ya ragu. Ya sha ruwa kwana biyu komai ya dawo. Damuwata ita ce tsohuwa mai hawan jini ta yi wata uku tana gudawa kullum. Tare da ruwan akwai gishirin fotasiyam da ke fita, kuma bugun zuciya ya dogara da shi. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da dare, jikinta sanyi ƙalau, harshe a bushe, ba ta iya ɗaga kai daga matashi, 'yarta na riƙe da kwalin irin wannan shayi a leda. Sai da ta sha ƙarin ruwa leda huɗu kafin ta gane mutane. Ka sayar wa mai taurin ciki na kwana ɗaya ko biyu, amma don Allah ka daina cewa yana wanke limf.

Alhaji Tanko Direba

Salamu alaikum. Ni tambayata daban. Ina jan babbar mota daga Kumasi zuwa Bolga da Bawku, galibi da dare. In na sauka a Kintampo don yin salla sai in ga takalmina ya matse ni, safa ta yi mini zobe a ƙwauri. Shekarata 58, hawan jini babu. Wannan ma toshewar ce?

Mustafa, Tafo

Baba Alhaji, ba toshewa ba ce, zama ne. Jini yana da zuciya mai harba shi, limf ba shi da famfo irin wannan. Magudanun suna ɗan matsa kansu da kansu, kuma a cikinsu akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa ta gefe ɗaya, ruwa ya wuce sama ba ya dawowa. Amma babban mai tura shi motsin tsoka ne da numfashi. Duk takun da kuka yi, tsokar sha-raɓa tana matse magudanun da jijiyoyin jini ta tura ruwa sama. In kuka zauna awa huɗu ko biyar daga Kumasi ku wuce Techiman ba ku sauka ba, ruwan zai kwanta a ƙasa. In kun tsaya, ku zagaya motar sau biyu ko uku kafin ku zauna cin abinci, ku riƙa ɗaga dunduniya kuna saukewa kamar sau 20. Wanda za ku ji wa tsoro shi ne ƙafa ɗaya tak ta kumbura farat ɗaya, sha-raɓa na ciwo da zafi. Wannan yana iya zama gudan jini, ranar ake zuwa asibiti, ba a tausa shi.

Alhaji Tanko Direba

Allah ya yi maka albarka yaro. Zagaya mota dama muna yi don duba taya, zan ƙara.

Malam Idi Wanzam, Sabon Zango

Ina bin maganarku tun ɗazu. Ni wanzami ne ɗan wanzami, kakana daga Katsina ya zo da zabirarsa ya zauna a Zango. Duk wannan dattin da kuke faɗa, mu da ƙaho muke fitar da shi, kuma ƙaho sunna ne. Jinin da ke taruwa a ƙaho baƙi ne guda-guda, kowa yana gani da idonsa. A kawo Hajiya in duba ta.

Sista Fati, Asawase

Baba Idi, ina girmama sana'arku, ku kuka yi wa 'ya'yana maza kaciya. Ba na jayayya da sunna. Amma ina roƙonku, kada aska ta taɓa ƙafar da ta kumbura. Ƙafar da ruwa ya kwanta a cikinta ba ta iya kare kanta kamar lafiyayya, don hanyar da ke kai ƙwayoyin cuta tashar kaluluwa a kashe su ita ce ta yi rauni. Tsaga ɗaya ta isa cuta ta shiga, ƙafa ta yi ja ta ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe mutum, wani lokaci gyambo ya biyo baya ya yi shekara bai warke ba. Baƙin da kuke gani kuwa, jinin da ya riga ya sauke iskarsa duhu gare shi, kuma duk jinin da ya fito ya tsaya zai daskare.

Malam Idi Wanzam, Sabon Zango

A kan baƙin jini ba mu daidaita ba, 'yata, ina nan a kan abin da na gada. Amma maganar ƙafa gaskiyarki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ƙwace aska daga hannuna a gaban mutane saboda na nufi ƙafar wani mutum da fatarta ke sheƙi. Ya ce fatar da ke ƙyalli ba a ba ta ƙarfe. Da na ga ƙafar Hajiya haka, ni da kaina zan ce a wuce asibiti.

Hadiza, Sawaba

Ni maganar ƙwaƙwalwa ce ta tsaya mini a rai, kuma ba wanda ya amsa ta. Babanmu ya yi gadi a Suame Magazine, unguwar makanikai, shekara 25, dare duk a farke, da rana kuma gidan haya ne, yara da rediyo da masu daka, barcinsa bai wuce awa uku ko huɗu. Yanzu gigin tsufa ya kama shi. Jiya ya yi alwala sau uku a jere, kowane karo sai ya tsaya da buta a hannu ya tambaye ni ko an kira salla. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. Na ji a rediyo an ce barci ne ke wanke ƙwaƙwalwa. Ashe aikin da ya yi don ya ciyar da mu ne ya jawo masa? Tun da na ji ban samu natsuwa ba.

Mustafa, Tafo

Yaya Hadiza, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Bari in faɗa miki abin da aka gano daki-daki, don ki ga inda maganar rediyo ta tsaya.

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Murhun da ya fi cin itace shi ya fi tara toka. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, a cikin naman ƙwaƙwalwa babu magudanun limf irin na hannu da ƙafa. To ina tokar ke zuwa?

An san ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garai-garai. Wanda ke wurin a kowane lokaci kamar mililita 150 ne, amma jiki na samar da kusan mililita 500 a yini, ledar fiya wata ɗaya, wato ana sabunta shi sau uku ko fiye kullum. A 2012 wata masaniya 'yar Denmak, Maiken Nedergaard, da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka zuba rini mai haske a cikin wannan ruwan a kan ɓeraye, suka bi shi da na'ura. Sai suka ga yana shiga cikin ƙwaƙwalwa ta wani ɗan rata da ke kewaye da jijiyoyin da ke kawo jini, bugun jijiyar na tura shi, ya ratsa nama ya kwaso datti, ya fita ta gefen jijiyoyin da ke mayar da jini. Wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro da ke rungume da jijiyoyin su ke taimaka wa ruwan wucewa, ta wasu 'yan ƙofofi da ake kira akwaforin-4. Suka raɗa wa tsarin suna glimfatik.

A 2013 suka fitar da binciken da rediyo ke nufi. In ɓera ya yi barci, ratar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa na buɗewa da kusan kashi 60 cikin 100, kuma wani furotin mai suna amiloyid yana fita da saurin da ya ninka na farke. Ki kwatanta da Kejetia: da rana ko tsintsiya ba ta da wurin wucewa, sai an tashi kasuwa masu shara ke samun hanya. Shi amiloyid ɗin nan shi ne ke taruwa ya dunƙule a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wadda ita ce ta fi yawa cikin cututtukan da muke haɗawa mu kira gigin tsufa.

A 2015 kuma rukuni biyu, na Jonathan Kipnis a Jami'ar Birjiniya da na Kari Alitalo a Helsinki ta ƙasar Finlan, kowanne ya gano ainihin magudanun limf a cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, masu sauke ruwa zuwa kaluluwar cikin wuya. Wani Ba'italiye, Paolo Mascagni, ya zana su tun 1787, aka yi fiye da shekara 200 ana ganin kuskure ya yi. A 2017 aka gan su a kan mutane masu rai da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki. A 2019 masu bincike a Bostan suka ɗauki hoton mutane suna barci mai nauyi, suka ga ruwan yana shiga yana fita kamar igiyar ruwa, kusan kowane daƙiƙa 20.

Yanzu ga inda nake so ki saurara. Mafi yawan wannan aikin a kan ɓeraye aka yi. Kuma a 2024 wani rukuni a Landan, ƙarƙashin Nick Franks, ya auna ta wata hanyar daban ya samu akasin haka, wai kwashewar raguwa take yi lokacin barci. Nedergaard ta ƙi yarda da hanyar aunawarsu, har yau ana kan wannan muhawara. An ga alaƙa tsakanin ƙarancin barci na shekaru da gigin tsufa, amma cutar da kanta tana ɓata barci shekaru kafin mantuwa ta bayyana, kuma tsufa, gado, hawan jini, ciwon sukari, shanyewar ɓarin jiki da raunin ji duk suna da hannu. Akwai masu gadi da yawa da suka tsufa da hankalinsu garau, akwai masu barcin awa takwas da cutar ta kama. Babu likitan da zai dubi Baba ya ce gadi ne ya jawo masa. Ki sauke wannan nauyin. Abin da ke hannunki yanzu shi ne a auna masa jini da sukari da ji, a riƙa fitar da shi ya sha hantsi, da dare a rage haske da hayaniya.

Hadiza, Sawaba

Na karanta sau biyu ina kuka. Na gode ƙanena. Jinsa ya ragu sosai kuwa, ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba.

Malam Nuhu, Akwatia Line

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ni abin da ke damuna matasanmu ne. Mai gadi da mai koko da direba lalura ce ta hana su barci. Amma ku bi ta bes-bes ɗin unguwa, wato majalisun samari, ƙarfe 1 na dare, ataya zagaye na uku na kan wuta, kowa da waya a fuska, ga ƙwallon Turai, ga musu. Asuba ta wuce su, aiki ya wuce su. Malamanmu sun karantar da mu cewa ba a son hira bayan isha'i ba da dalili ba, kuma ana son ƙailula da kwanciya a kan gefen dama. Mustafa, ilimin naku ya ce wani abu a kan kwanciyar gefe?

Mustafa, Tafo

Allah ya gafarta Malam, akwai bincike na 2015 da ya nuna kwashewar ta fi kyau in dabba na kwance a kan gefe fiye da rigingine ko rub da ciki. Amma ɓeraye ne da aka yi wa allurar barci, don haka ba zan jingina sunna da shi ba, tana tsaye da ƙafarta. Maganar ataya kuwa tabbas ce. Sinadarin kafin da ke cikin ganyen shayi yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, kuma barci mai nauyin nan shi yake ragewa. Masu sayen ƙwayar barci a kemis su ma su sani: a farkon 2025 rukunin Nedergaard ya nuna wata sananniyar ƙwayar barci, zolfidem, ta rage wannan kai-komon ruwan a ƙwaƙwalwar ɓeraye, duk da ta sa su barci da wuri.

Salamatu, Moshie Zongo

Ku yi haƙuri in dawo da ku kan ƙafa. Wana yana ƙauye ta wajen Bawku, ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama sau biyu, fatar ta yi kauri ta yi ninki-ninki, ba ta lotsawa ko ka danna. Kowane 'yan watanni sai zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙafar ta yi ja, kaluluwa ta fito. Mutanen gari sun ce ya taka sammu ne a gona. Matarsa ta tafi. An kashe awaki, an yi tsaga har ba adadi.

Sista Fati, Asawase

Salamatu, kin ga wannan ita ce toshewar limf ta gaskiya, kuma sunanta a Hausa tundurmi. A yankinmu abin da ya fi kawo ta wata siririyar tsutsa ce kamar zare, sauro ke ɗauko 'ya'yanta daga wani ya sa wa wani, irin sauron da ke kawo maleriya. Tana zama a cikin magudanun limf shekara 6 zuwa 8, ta buɗe su ta lalata 'yan ƙofofin da Mustafa ya faɗa, ruwa ya daina hawa. A wurin maza ita ce kuma ke kawo yawancin gwaiwa a garuruwan da cutar take. 'Ya'yan tsutsar da dare suke fitowa cikin jini, shi ya sa a da sai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 ake ɗibar jinin gwaji. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka ta cin abinci tare ko musabaha.

A Gana an fi samunta a arewa da bakin teku ta yamma. A farkon shekarun 2000 aka fara raba ƙwayoyin kashe tsutsa, ibamektin da albendazol, gida-gida sau ɗaya a shekara, kin san masu zuwa da doguwar sanda su auna tsayin mutum kafin su ƙirga masa ƙwaya. Da irin wannan rabon maƙwabtanmu Togo suka kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2017 cewa sun kawar da ita a matsayin matsalar lafiyar jama'a, su ne na farko a Afirka kudu da Sahara. A nan Kumasi ma cibiyar binciken cututtuka ta KCCR da ke harabar jami'ar KNUST ta yi shekaru tana bincike a kanta, har da amfani da maganin doksisaikilin na mako 4 zuwa 6, amma wannan likita ne ke rubutawa.

Ƙafar da ta riga ta yi kauri ba ta komawa kamar da, ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba. Amma zazzaɓin nan da ke dawowa, wanda kowane zuwansa ke ƙara girman ƙafar, ƙwayoyin cuta ne masu shiga ta tsagewar fata, kuma ana iya rage shi sosai. A wanke ƙafar safe da yamma da sabulu da ruwa mai tsabta, a bi kowane ninki da tsakanin yatsu, a tsane da tsumma mai laushi har ya bushe sarai. In akwai ƙaiƙayi ko rauni a sa magani. Ya riƙa ɗora ta a kan matashi in ya kwanta, yana juya idon sawu yana motsa yatsu. Kada ya taka ƙasa ba takalmi. Ya kwana cikin gidan sauro. Tsaga kuma a daina daga yau. Gwaiwa, in akwai, tiyata ce ke gyara ta.

Tunda ana maganar kaluluwa, in ƙara wannan ga kowa: wadda ta fito da zafi saboda rauni ko mura takan sace da kanta. Wadda ba ta ciwo, mai tauri, ta wuce mako uku ko huɗu tana girma, musamman da gumin dare da rama, a kai asibiti, don tarin fuka da sankara duk suna fara nuna kansu haka.

Salamatu, Moshie Zongo

Sista, takalmi ne matsalar, babu wanda ke shigarsa.

Alhaji Tanko Direba

'Yata, ki sa ya taka kwali a zana ƙafar, a auna kaurin da zare. Akwai masu ɗinkin takalmi a kasuwa da za su yi masa na daban mai maɗauri. In an gama ki kawo mini da sabulun, Bawku hanyata ce, ba ko sisi.

Bashiru, Alabar

Ni dai har yanzu ina ganin akwai abin da ganye ke yi da asibiti bai sani ba. Amma na cire maganar limf daga tallata, kuma mai hawan jini ba zan ƙara ba shi ba.

Zainabu, Aboabo

Salam 'yan zaure, na dawo da labari. Mun je asibiti ranar Talata. An auna jini da fitsari, an yi hoton zuciya, duk lafiya. Da likita ya ga kwalin farin ƙwayar nan, amlodifin, sai ya ce ita ce ta fi kama da mai laifin, ga kuma tsayuwar awa bakwai. Ya ce tana buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwan da ke tsattsafowa ya fi ƙarfin masu kwashewa. Ya canja mata wani, ya ja kunnenmu kada wanda ya ji labarin nan ya ajiye nasa maganin da kansa. Za mu koma bayan mako biyu. Yau kwana biyar, na danna wurin ɗazu, ramin ya ciko kafin in ƙirga biyar.

Kuɗin adashi na nan ba a taɓa ba. Mun zauna da ƙannena mun raba kwana, mu za mu riƙa tashi hura wuta da dama koko, Mma ta kwanta har kiran assalatu. Ta yi ta faɗa wai hannunmu bai iya yaji ba, amma ta yarda a gwada wata ɗaya. Na saya mata benci mai tsawo da za ta riƙa miƙe ƙafa a kai tana karɓar kuɗi. Yaya Hadiza, ki turo yaro da kwano gobe a zuba wa Baba, ni za a tarar a bakin tukunya.